Zaure Uku, Tukunya Ɗaya

Dakta Asabe, shugabar laburaren wata jami'a mai harabobi uku, ta kai wa tsohon shugabanta a wurin aiki, Baba Mudi, kuka. Kamfanin da ke sayar musu da izinin karanta mujallun bincike ta intanet ya aiko da farashin bana, ya ƙirga kowace haraba a matsayin jami'a guda. Kuɗi ba za su kai ba, har ta yanke shawarar cire ƙaramar harabar, ta koyon jinya. Tsoho ya ce ta zauna ta ji wani misali.

Wani manomi ne a bakin gulbi, gidansa zaure uku: nasa, na ɗansa, da na ƙanwarsa da mijinta ya rasu, mai haye ruwa duk ranar kasuwa ta sayar da daddawa. Mai fito kuwa a shekara yake karɓar ladansa, dami goma na dawa kowane gida, ka yi ta hawa kwalekwale iya son ranka. Ran nan ya aiko cewa na manomi dami talatin ne. Tabɗi! Mutumin da ko ya kankare rumbu, dami sha biyar kawai zai fitar? Ya yi kwana uku abinci ba ya masa daɗi, yana ta juya yadda zai dubi idon ƙanwarsa ya ce mata bana ba ita ba kasuwa. Kai, har ya kama hanyar sashenta, kunya ta karkatar da ƙafarsa zuwa bakin ruwa.

Ya gaida mai fito, ya ce, "Don Allah, Sarkin Ruwa, me kake kira gida?" Mai fito ya ce ai shi daga kan ruwa zaure yake hangowa, zaure yake ƙirgawa. Manomi ya ja shi har ciki, ya nuna masa rumbu ɗaya, murhu ɗaya, tukunya ɗaya. Suka zauna a tabarma suka ƙirga masu hawa jirgin da gaske, ban da jarirai da wata tsohuwa da rabonta da gulbi tun tana amarya. Mutum goma sha ɗaya! Aka taya, aka yi albarka, aka sake tayawa, ciniki ya faɗa a dami goma sha huɗu. Wayyo daɗi! Manomi ya koma gida yana jin kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka, ƙanwar tasa kuwa har yau ba ta san an kusa barin ta a tudu ba.

Dakta Asabe ta yi ajiyar zuciya, tana dariya tana lalubar wayarta. Baba Mudi ya ce, "To, 'yata, kafin ki rufe wa masu koyon jinya ƙofa, tambayi mutanen nan me suke kira jami'a, zaure ko tukunya, ki kai musu yawan masu karatunki. Ba a banza Hausawa suka ce ba, matambayi ba ya ɓata."