Mai Atamfa da Rufin Bene

Ajiye takardun nan biyu, Kubura, kin ishe ni da "wannan ya fi sauƙi". Tunda kin sayi sashe a bene, an kuma ce ku zaɓi kamfanin da zai riƙa kula muku da ginin, to ji wannan kafin ki ɗaga hannu a taronku.

Wata mai sayar da atamfa ce ta tara guminta na shekara ashirin ta sayi sashe a hawa na uku, can ƙarƙashin kwano, a wani bene mai sashe goma sha biyu. Ɗaki guda ta ware wa hajarta, turame jere har kusa da silin. Da masu gidan suka zauna neman mai kula da ginin, kamfani biyu suka kawo takarda. Na farko ya yanka dubu ashirin a wata kan kowane sashe, takardarsa shafi huɗu: ga na maigadi, ga na shara, ga na man janareta, ga na kwashe sokawe, ga kuma wani kaso da za a riƙa jefawa asusu saboda ranar da rufi zai tsufa. Na biyu dubu takwas ya ce, takardarsa rabin shafi, wakilinsa kuwa baki kamar an shafa masa zuma, kowa Hajiya ce, kowa Alhaji ne. Matar nan gwanar ciniki ce, ba a taɓa cin ribarta a kasuwa ba, don haka ita ce ta miƙe ta ce wa makwabta wane irin shara ne ake sharewa da dubu ashirin, da tsintsiyar zinariya? Aka yi dariya, aka zaɓi mai takwas. Akwai wani layi a gindin takardar da ya ce duk gyaran da ya taso masu gida ne za su haɗa kuɗinsa daban, kamfani shi zai kawo mai aiki, kuma yana da la'adar kashi goma cikin ɗari na kuɗin gyaran. Ta gani, ba wai ba ta gani ba. Cewa ta yi gini sabo fil, me zai lalace?

Damina ta biyu ɗigo ya fara a kusurwar ɗakin atamfa. Kamfani ya turo kafinta da gwangwanin kwalta, aka liƙe, aka bi ƙofa ƙofa aka karɓi kuɗi. Bayan sati uku ya ɓullo ta wani wurin, aka sake liƙewa, aka sake karɓa. Kafintan nan bai taɓa hawa ya ce a canza fallen kwano ba, kullum faci, don faci shi ne mai dawowa. Sai da ta kai matar ta lura duk ranar da hadari ya haɗu wakilin kamfani ya fi kowa fara'a. Manomi na jiran ruwa, shi ma yana jira, rufinta ne gonarsa. Da ta haɗa lissafin shekara, abin da ya fita hannunta, in aka raba wata-wata, ya haura dubu ashirin ɗin da ta yi wa ba'a, ga shi babu ko kwabo a ajiye. Ta kira taro ta ce a kwance rufin a sake. 'Yan ƙasa suka ce su sokawe ne damuwarsu, 'yan tsakiya suka ce su kam ko ɗigo ba su gani ba, su takwas, 'yan sama huɗu. Da akwai asusu da ba sai an roƙi kowa ba. A watan Agusta na damina ta huɗu silin ya jiƙe ya rufto da tsakar rana tana kasuwa, turmi ɗari da wani abu suka sha ruwan kwalta, launin wannan ya shiga wancan. Ta tafi ofishin kamfanin tana huci. Wakilin ya yi mata jaje da ladabi, ya buɗe aljihun tebur, ya ɗora yatsa a kan layin nan, sa hannunta na ƙasansa.

Ban ce miki mai tsada waliyyi ne ba, shi ma ki sa ya liƙa rasit a bango duk wata, asusun kuma kar ya taɓu sai da hannun biyu daga cikinku. Amma kowanne ya zo, ki bar tambayar nawa yake karɓa, ki tambaye shi ranar da abu ya lalace, shi asara yake yi ko riba. Ke ma fa a hawan ƙarshe kike. Wadda na ba ki labari ba a ɓoye mata komai ba, da idonta ta zaɓa, kuma Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.