Koriyar Fitila a Hawa na Talatin

Tun da aka kafa dokar dogayen benaye, kowane ginshiƙin ƙarfe yana da 'yar fitilarsa: koriya in lafiya lau, ja in nauyi ya kusa lanƙwasa shi.

Inna Kuluwa ta je Fagge duba ɗakin da ɗanta zai tare a ciki da iyalinsa, a hawa na talatin.

"Ƙarfen nan ko tsatsa ba ya yi, Hajiya," in ji Ɗanlami dillali. "Duba, koriya shar."

"Ta gidanmu takan ƙifta ko buhun shinkafa aka shigo da shi. Wannan ko gezau."

"Sabon samfuri ne."

Ta kankari fitilar da farce. Koren fenti ya ɓare, ja ya leƙo.

A sama ana ta daka, yara suna tsalle.

"Ɗanlami," ta ce a hankali, "kai a wane hawa na benen nan kake kwana?"