Kwat a Kan Kujera

"Na'urorinki ƙarya suke yi," in ji darakta. "Wai kusan babu kowa a ofisoshinmu tun Litinin."

Injiniyar da ta kafa su ta hau tsani, ta bi na'urorin da ke manne a silin ɗaya bayan ɗaya, tana duba lambar kowacce. Ba a ja musu waya ba, ba su kuma san oga ba. Ɗumin jikin mutum kawai suke ji. Lafiyarsu ƙalau.

Daga saman tsanin ta dubi ƙasa. Kowace kujera da kwat a rataye, shaidar wai mai ita yana kusa, alhali yana kasuwar Katako yana kasuwancinsa.

"Mutum ɗaya suke gani kullum, ranka ya daɗe," ta ce. "Tsohuwar mai sharar da za ku kora gobe saboda fashin aiki."