Wurin Ninƙayar Unguwarmu

Mai aski ya sake juye shebur ɗin ƙasa cikin ramin, ya share gumi. A ɗaya gefen kuma tela, mijin 'yarsa, yana ta haƙa yana watso ƙasar waje.

Wata uku ke nan ana haka, tun da takarda ta zo cewa za a gina wurin ninƙaya a lambun shaƙatawar unguwa. Masu so suka kasa jira, suka fara haƙa da kansu. Masu ƙi suka bi su suna cikewa. Mai aski ne jagoransu, don ramin zai ci bishiyar da ya shekara ashirin yana aski a gindinta. Har 'yarsa ta daina zuwa gaishe shi.

"Baba, ka huta mana, ka san ciwon bayanka," in ji tela.

"Kai ka huta. Mutumin da ko a bokiti bai iya iyo ba."

Ana cikin haka wani jami'i ya iso da fayil a hammata. Ya leƙa ramin, ya duba takardarsa, ya yi gyaran murya.

"Ku yi haƙuri, an yi kuskuren adireshi. Wurin ninƙayar nan na unguwar tsallaken titi ne."

Mai aski ya yar da shebur ɗinsa. Ya dira cikin ramin, ya fizge digar tela.

"Waɗancan? Su da ko lambun kirki ba su da shi? Matsa, ɗana, ba haka ake haƙa ba."