Maƙerin Da Ya Kwashe Taɓaren Unguwa

Tunda ka ce jira ya hana ka sakat, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani maƙeri a wani ƙauye, ƙato ne na gaske, wanda a wurinsa duk abin da ya karkace a duniya maganinsa ɗaya: a sa a wuta, a buga. Matarsa ta sami cikin fari, bai wuce wata biyu ba sai ta fara ganin ɗigon jini. Yayar maƙerin ta raka ta asibiti. Malamar asibiti ta duba, ta ce cikin ya yi ƙanƙanta a gane ko zai zauna ko ɓari ne ke tafe. Ta ce ta koma gida ta huta, in an kwana biyu ta dawo a ɗauki hoton cikin, kuma ko me ya faru ba laifinta ba ne. Suna dawowa yayar ta ja ƙanenta gefe ta tsegunta masa. To, a nan gizo ke saƙar. Cikin fari abin kunya ne. Matar ba za ta iya buɗe baki ta ce wa miji tana da shi ba, balle ta ce tana tsoron rasa shi. Shi kuma ya yi zancen ɗan fari da bakinsa? Ina! Sai kowa ya ƙunshe tsoronsa a ciki, ana ta ina kwana, lafiya lau.

Amma mai hannu irin nasa ba ya iya zama haka kawai. Yana maƙera zai jiyo tana daka, kowace faɗuwar taɓarya sai ya ji kamar a ƙirjinsa ta sauka. Ya lallaɓa ya jefa taɓaryar cikin rumbu, ya ce gara ta cinye ta. Ita kuwa, don kada ya gane akwai wani abu, ta miƙa hannu ta katanga ta aro ta maƙwabta. Da ya ga haka sai ya bi mazan unguwa gida-gida, wai ya koyo sabuwar dabara, zai sa wa kowace taɓarya zoben ƙarfe yadda har jikoki za su gada, kuma kyauta. Mutanenmu da kyauta! Kafin la'asar babu gidan da bai aiko ba. Ya jibge su a bayan zuga-zugi, ya rufe da buhunan gawayi, ko zobe ɗaya bai ƙera ba. Unguwa ta yi tsit kamar an yi ƙaura. Magidanta suka koma cin dafaffen rogo safe da yamma, suna hararar juna.

Baiwar Allah da ta rasa taɓarya sai ta durƙusa kan dutsen niƙa, wanda ya fi daka wuya. Maƙeri ya shigo ya gani, saura kaɗan ya faɗi. Dutse dai ba a ce gara ta ci shi ba, don haka ya kinkime shi ya fita, wai zai wasa fartanya. Ya karɓe jan ruwa, ya karɓe faskare, har shara ya gwada ya karya tsintsiya. Duk wannan bai rage mata komai ba, sai ma ƙari. Ga fargabar cikin, ga kuma tunanin ko mijinta ya fara taɓuwa.

Rogo ya ishi kowa. Ran nan wata tsohuwa mai baki ta ɗauro mayafi, matan unguwa a bayanta, har da matar maƙerin, suka tsaya a ƙofar maƙera. Tsohuwa ta sa sanda ta yaye buhunan, ga taɓare rututu yadda aka kawo su.

"Kai ɗan nan, ina zoben? Ko itacen girki ka mai da su?"

Gumin da wuta ba ta taɓa fitar masa ba ya karyo. Ya nemi ƙarya ya rasa, duk ya ƙarar da su. Ya ɗaga kai ya hango matarsa a can gefe, ta rame, idonta ya faɗa.

"Iya, tsoro nake ji," in ji shi. "Ba na son ta ɗaga komai."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi matar, ta gane. Ta ce kowa ta ɗauki tata su tafi, suka bar su su biyu. Matar ta ce, "Ashe ka sani?" Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, dariyar ta juye ta zama kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Shi ma ya zauna kusa da ita, ya bar wutar ta mutu.

Kada ka ce daga nan jira ya gajarce, bai gajarce ba. Zaman ciki ko zubewarsa ba a hannun maƙeri yake ba, ba a hannun matarsa ba, na Allah ne, su ma sun sani. Sai dai daga ranar in ta ga wani abu takan faɗa, in gabansa ya faɗi shi ma yakan faɗa, abinci ya fara shiga. Da ranar hoto ta zo, ya ajiye kunya a gida ya bi ta. Ya zauna a benci tsakiyar masu ciki, mata na ƙunshe dariya a mayafi. Ba wanda ya san abin da za a gaya musu a ɗakin nan. Da aka kira sunanta, su biyu suka miƙe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.