Jan Murfi a Ranar Gayya

Ka ce kai ka san kayanka, ba sai ka yi wa kwalba alama ba? To gyara zama ka ji labarin wani manomi, shi ma haka bakinsa yake.

Mutumin nan gwanin haɗa tsimi ne, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Tsamiya yake jiƙawa da citta da kanumfari da masoro, ya zuba zuma, ya ɗura a tsofaffin kwalaben lemo, ya jera su a gindin rumbu inda rana ba ta kaiwa. Wanda ya sha kofi ɗaya sai ya yini da fartanya bai ce wash ba. Abin haushin shi ne, a gindin rumbun nan dai yake ajiye jiƙon filasko, maganin da yake ba masu cushewar ciki, wanda ko ƙato ya kurɓa sai ya nemi bayan gari da gudu. Shi ma da tsamiya ake jiƙa shi, don haka launinsu ɗaya, kwalabensu iri ɗaya, ƙamshin ma sai mai dogon hanci. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Ta ce ya ɗaura wa na maganin tsumma a wuya, ya ce tsumma kwancewa yake. Ta ce to ya raba musu wuri, ya ce rumbun nasa ne ko nata? Da ta ishe shi, ran kasuwa ya sayo ɗan jan fenti, don dai a zauna lafiya, ya bi kwalaben magani yana ɗiga musu. Amma a ina ya ɗiga? A murfi! Ga jikin kwalba fili guda, bawan Allah ya tsallake, ya je ya shafa wa abin da ake cirewa kullum.

"Malam, murfi fa ba ya zama wuri ɗaya," in ji matar.

"Ke dai ba a iya miki," in ji shi, ya kaɗe riga ya fice.

Damina ta kankama. Geronsa ya fito da kyau, ciyawa kuma ta taso masa haiƙan, gonar kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A garin nasu gayya zagayawa take, kowace gona da ranarta, kuma sau ɗaya take zuwa wa mutum a noman fari. In ranarka ta wuce, ta wuce ke nan. Tasa ta faɗo ran Talata, ya ci alwashin zai shayar da 'yan gayya tsimin da za su riƙa labari har kaka.

To shi tsimi in ya kwana biyu a rufe kumbura yake, in ba a buɗe shi ya yi numfashi ba sai kwalba ta fashe. Jiƙon ma haka. Ran Litinin da la'asar ya tsuguna ya bi kwalaben duka ya buɗe, ya watsa murafen a ƙwarya ɗaya, ja da baƙi a cakuɗe. Sai maƙwabci ya yi sallama a kan maganar aron fartanya, ya fita, hira ta yi daɗi. Da ya dawo ya ga murafe a ƙwarya, sai ya rasa wanne ne na wace kwalba. Maimakon ya kira matarsa su yi shawara, girman kai ya hana, kada a ce an faɗa masa. Sai ya riƙa ɗaga kwalba yana duba ta a hasken rana, ya shinshina, ya ce wannan ta yi kama da magani, ya sa mata ja, waccan ta yi kama da tsimi, ya sa mata baƙi. Kai jama'a! Hancin da ya shinshina kwalba ashirin a jere, me kuma ya rage masa?

Washegari da sassafe maza talatin suka hallara da makaɗinsu. Ya bi su da kwalabe masu baƙin murfi yana cika kofi, yana cewa a ƙara, ba a rowa a gidansa. Ganga ta ɗauka, aka jeru a kunya, ƙasa na tashi, shi kuwa baki har kunne. Kafin rana ta take tsaka sai wani ya yar da fartanya ya nufi daji riƙe da ciki. Aka yi masa dariya. Mai dariyar ya bi bayansa. Can sai ganga ta yi shiru, aka waiwaya, babu makaɗi. Kafin azahar ba ka ganin komai a gonar sai fartanyu a zube, kowane kalgo da mai tsuguno a bayansa. Sarkin noma, dattijo mai furfura, ya fito yana ɗaure mazagi, ya dube shi ya ce, "Mun zo taya ka noma, ka yi mana wankin ciki. Mun gode."

Ran Laraba gayya ta wuce gonar gaba da waɗanda suka iya miƙewa. Tasa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a nome ba. Shi da matarsa suka duƙufa, suna nome gabas ciyawa na rufe yamma, har ta shaƙe geron. Da kaka abin da ya ɗaure bai kai su watan azumi ba. Takaicin da ya fi ci masa rai kuwa, ko ruwan randa ya miƙa wa baƙo sai an tambaye shi me ke ciki.

Saboda haka tashi ka yi wa kayanka alama, a jiki, inda ba ta ciruwa. Hausawa sun gama magana da suka ce, kama da wane ba ta wane.