Warin Kananzir a Kan Naman Sanmu

Ni da nake iya cinye rago guda in nemi ƙari, har yau warin kananzir yana kashe mini yunwa.

Shekarar fari ce, dusa muke ci. Da la'asar sanmu na huɗa ya faɗi, jini na zuba ta hancinsa. Baba ya yi maza ya yanka shi kafin ya zama mushe. Ana cikin fiɗa duba-gari ya iso a keke. Ya dubi saifar, baƙa ƙirin, ta kumbura kamar filo, sai ya tuttule wa naman galan na kananzir.

Baba ya ce, "Malam, wata huɗu 'ya'yana ba su ga nama ba."

"Na sani, Baba. So nake su ga na Sallah."

Aka binne naman. Na yi kukan da aka ji har Dawanau, na tsine wa mutumin da kekensa.

Ashe kafin ya iso, Inna ta kai wa maƙwabciyarmu Laure hantar, don mai ciki ake fara ba. Bayan kwana huɗu aka yi jana'izar Laure.

Har Inna ta rasu ba ta ƙara taɓa hanta ba. Ni kuwa tsinuwar nan nake ta janyewa.